Bunjo Bai Taɓa Jiƙa Ƙafar Kowa Ba

Ƙanena Bunjo bai cika riƙe fuskar mutane ba, ƙafafunsu ya sani. In ka ce masa wane ya rasu, sai ya ce, "Wanne? Mai fason nan da ya kai idon sawu?" In ka ce shi, sai ya ce Allah ya jiƙansa, mutum ne marar nauyi. Sana'a ce ta mai da shi haka. Bakin ruwanmu na tsibirin Namusoba ba shi da zurfi, jirgin fasinja ba ya iya matsowa gaɓa, can yake tsayawa inda ruwa ke kai wa namiji ƙirji. Duk wanda zai hau, sai an kai shi a wuya. 'Yan wuya muke ce wa masu wannan dako, kuma a gidanmu tun kan kaka ake yinsa.

Ni ce Nankya, ni ce babba. Daga ni sai Bunjo, sai autanmu Miiro. Tun ina budurwa nake suyar kifi da rogo a gindin mangwaron bakin ruwa, saboda haka yawancin abin da zan faɗa a gaban kaskona aka yi shi. Kuma tun da aka haife ni har zuwa lokacin, ban taɓa taka ruwa don in shiga jirgi ba. Baba ya ɗauke ni, da wuyansa ya gaji ƙannena suka karɓe shi. Matan tsibiri suna yi mini tsiya wai gimbiya, ni kuwa ina ce musu ba ni na hana iyayensu haifa musu ƙanne maza ba.

A zamanin Baba kwalekwalen filafili ne ke kai mutane babban tsibiri, sai wani tsohon jirgin hayaƙi da ke leƙo mu in ya ga dama. Babu gaggawa, babu kokawa. Doka biyu Baba ya gada, su ya bar wa 'ya'yansa. Ta farko, wanda ya hau wuyanka, ko wane ne shi, ƙafarsa ba ta taɓa ruwa sai ka dire shi cikin jirgi. Ta biyu, ba a dukan ɗan wuya yana ɗauke da mutum, ko da uwarka ya zaga. Ka jira ya sauke, sannan ku daku. Baba yakan ce hannun ɗan wuya biyu ne, duka biyun kuma na fasinja ne har a kai jirgi.

Da aka fara sa wa jiragen katako inji, sai tasha ta lalace. Jirage biyu suka riƙa zuwa a safiya ɗaya, duka za su Kasenyi a can ƙetaren tafki, kowanne da 'yan wuyansa da 'yan kiran fasinjansa. Daga nan aka daina tambayar mutum ko yana so a ɗauke shi. Kana tsaye kana gyara ɗaurin kayanka, sai ka ji kan mutum ya shigo tsakanin cinyoyinka ta baya, sai ga ka a sama. Mace kuma a sure ta a zaunar a kafaɗa ɗaya, tana zagi tana tattare zane. Ba a duba fuska, wanda ya tsaya duban fuska ya rasa fasinja.

A wannan hayaniyar Bunjo ya yi suna. Wuyan Sa suke ce masa, kuma bai ci sunan banza ba. Na ga ranar da ya kama wani ɗan kiran fasinja ya tsoma kansa a ruwa har ƙafafun yaron suka daina shure-shure, sannan ya jawo shi gaɓa ya danne cikinsa ya amayar da tafkin. Na ga an fasa masa kwalbar barasar waragi a ƙeya, ya juyo ya tambayi wanda ya yi ko ya gama. Haƙoransa na gaba a yashin nan suke, kunnensa na hagu rabi ne, wani masunci ya cije sauran. Kullum ina da ruwan zafi da gishiri a gefen murhu, ba don kifi ba.

In ina wanke masa rauni sai ya ce, "Yaya, a hankali mana, ba tsaba kike wankewa ba."

"Rufe mini baki. Wanda ya fasa kan a hankali ya yi?"

Amma duk rashin jinsa, da mutum ya hau wuyansa sai ya zama wani daban. Tafiya yake a natse, yana laluben ƙasa da yatsun ƙafa, hannayensa biyu a kan ƙwaurin fasinja. Ya ɗauki Fada da akwatin kayan cocinsa, ya ɗauki amare, ya ɗauki wata 'yar kasuwa da maza biyu suka gwada suka ajiye. Sauran 'yan wuya kowa ya taɓa zamewa ya zubar da wani, a yi dariya a yi zagi a wuce. Shi ko sau ɗaya.

Miiro ba mafaɗaci ba ne. Siriri ne, mai yawan waƙa, in an fara dambe shi ne mai riƙe wa mutane riguna. Wata safiya Nakiryowa, matar malamin coci, ta sauko bakin ruwa da tsohon ciki, naƙuda ta ƙi gaba ta ƙi baya, za a kai ta asibiti. Walakira, ɗan kiran fasinja na ɗaya jirgin, ya riga ya karɓi jakarta. Miiro ya duba ya ga jirginsu Walakira bai ko cika rabi ba, nasu kuwa har an ta da inji. Sai ya sure ta ya shiga ruwa.

Walakira ya bi shi da filafili. Ina gani, kwanon kifi a hannuna. Na farko a kafaɗa ya same shi. Mutane suka yi ca, "Da kaya a wuyansa, kai! Da kaya!" Na biyu ya sauka a bayan kunne, na ji ƙararsa daga gindin mangwaro. Da Miiro ya ɗaga hannu ɗaya ya kare, da yanzu yana nan yana damun mu da waƙa. Bai ɗaga ba. Ya ci gaba da tafiya, jini na bin wuyansa yana shiga zanen Nakiryowa, har ya kai ta gefen jirgi aka karɓe ta. Da ya juyo sai ya zauna cikin ruwa, ruwa ya rufe shi. Ko da aka fito da shi babu rai. Bunjo ba ya nan ranar, ya raka gawa babban tsibiri.

An kama Walakira, an ɗaure shi, ba a daɗe ba aka ce an sake shi. Bayan wasu shekaru muka ji ya dawo, yana aikin komar kamun kifi a sansanin masunta da ke ɗaya gefen tsibirin. Bunjo bai ce wa kowa komai ba. Ya ɗauki addar da nake faskara itace da ita, ni kuma na ga ya ɗauka na juya kifina. Da rana tsaka ya same shi yana ɗinkin koma a kan yashi, ƙafa a miƙe. Walakira ya ga inuwa ya mirgina, saran da aka nufi kansa ya sauka a ƙafar dama, ya ɗebe yatsu biyu na tsakiya. Masunta suka taru suka danne Bunjo, suka yi masa lilis, a kwalekwale aka dawo mini da shi. Dattawa da ciyaman suka zauna suka raba tsibirin biyu: Walakira ba zai ƙara taka bakin ruwanmu ba, Bunjo ba zai ƙara haye dutsen da ya raba mu da sansanin ba. Bunjo ya ce ya ji. A gida kuwa ya ce mini, "Duk ranar da ƙafar nan ta taka yashinmu, sauran ukun ma nawa ne, har da mai su."

Na ce, "Allah ya nuna mini."

Daga baya aka gina mana gadar siminti, aka kawo jirgin ƙarfe mai ɗaukar mota. Fasinja ya taka da ƙafarsa ya shiga da takalmi mai sheƙi. Kowa ya yi murna, har ni, don ciniki ya ƙaru. 'Yan wuya kuwa suka watse. Bunjo ya gwada dakon buhu, ya gwada noman kwakwar manja, kowanne da faɗa aka rabu. Ya koma zaman rumfar waragi, matarsa ta kwashe 'ya'ya ta bi jirgin ƙarfen ta tafi. Ni na riƙa ciyar da shi, ina zuba matoke, dafaffiyar ayabarmu, ina zuba masa baƙar magana a kai.

Sai shekarar da tafki ya cika. Ruwa ya haɗiye gadar, ya haɗiye rumfunan gaba, ya zo har gindin mangwarona. Jirgin ƙarfe ya ce ba shi da wurin tsayawa, ya koma zuwa babban tsibiri kaɗai. Jiragen katako suka dawo, aka koma neman wuya. Bunjo ya wanke fuska ya sauko, furfura a kai, amma wuyan na nan. Sai dai abokan aikinsa yanzu samari ne 'yan ƙetare da suka zo neman kifi suka rasa. Ba su san Baba ba, ba su san Miiro ba, doka ɗaya suka sani, wanda ya riga ya riga.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Jirgin wani mai suna Tamale ya cika, an janye anga, inji na tari. Sai ga wani mutum ya ɓullo ta bayan rumfuna a guje, hula a ido, takalmin roba a hannu, ya nufi ruwa. Duk wanda ya yi shekaru a tasha abu ɗaya zai gani, fasinja ya makara. Bunjo ya riga samari uku. Ya sunkuya ta baya, ya zura kai, ya miƙe, ya faɗa ruwa yana yi wa Tamale ihu ya dakata.

Ruwa na gwiwarsa hayaniyar ta iso. Masuntan sansani ne suka hayo dutse, maza sun fi a ƙirga, da filafilai da adduna da jarkar fetur. An sace injin jirgi a wurinsu, kuma a tafkin nan kowa ya san abin da ake yi wa ɓarawon inji, ba a kai shi wurin 'yan sanda. Suna ihu a tare shi.

Bunjo ya tsaya. Ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafafun da ke reto a ƙirjinsa. Ni ma daga inda nake na gani. Ƙafar dama, yatsu uku, da giɓi a tsakiya.

Na ajiye matsami na taho bakin ruwa. Ban san ina da murya irin wannan ba.

"Bunjo! Sake shi! Allah ne ya kawo maka shi har wuya, sake shi!"

Shugaban masuntan, wani dogo mai jan ido, ya ce, "Wuyan Sa, ba mu da rigima da kai. Girgiza kafaɗa kawai, mu za mu ƙarasa."

Walakira ya ƙanƙame kan Bunjo da hannu biyu. Ya tsufa shi ma, duk ya bushe. Ina jin shi yana roƙo. "Bunjo, don Allah. Don girman Allah, ban ɗauka ba."

Bunjo ya ce, "Cire hannunka daga idona, ɗan banza, ba na ganin hanya. Kuma ka ɗaga ƙafa."

Ya ci gaba da tafiya.

Dattawan da ke wurin, 'yan kaɗan da suka rage, suka ce da kaya a wuyansa, kada wanda ya taɓa shi. Wa ya saurare su? Samarinmu ne ma suka fara jifa, yaran da yake koya wa inda ramuka suke a ƙarƙashin ruwa. Dutsen farko ya sami Walakira a gadon baya. Na biyu ya fasa ƙeyar Bunjo. Wasu suka faɗa ruwa suka cim masa, suka riƙa sauke masa filafili a haƙarƙari da kafaɗa, suna jan ƙafar Walakira. Mutumin da na sani yana tsoma kan ƙato a ruwa da hannu ɗaya, yau ga shi ana jibgarsa bai rama ba. Hannayensa biyu na kan ƙwaurin wanda ya kashe mana ƙane. Sai dai ya yi ture da ƙirji, ya yi gaba, ruwan da ke kewaye da shi ya koma ja.

Da ya isa gefen jirgi ruwa ya kai masa hammata, ya tattaro ƙafafun Walakira ya ɗaga su sama, nesa da ruwa. Tamale ya leƙo ya ce, "Baba Bunjo, ka rufa mini asiri. Ka ga fetur a hannunsu. Ƙona mini jirgi za su yi da mutane a ciki."

"Karɓi fasinjanka."

"Ba fasinjana ba ne."

"Ni dai na kawo. Karɓi."

Tamale ya ce wa mai inji ya ja. Jirgi ya fara sulalewa, Bunjo ya bi shi, ruwa ya kai masa haɓa. Ba shi da hannun da zai kama gefen jirgi, sai ya jingina goshi da katako yana bi. A lokacin ne wani yaro ya zagayo ta gefe ya kai masa sara da bakin filafili a fuska. A idon hagu ya same shi. Na ji Bunjo ya yi wani irin gurnani, na ga kansa ya nutse har hanci. Na ce shi ke nan, sun tafi su biyun. Sai ya yunƙura daga ƙasa, ya ɗaga Walakira sama da hannu biyu ya wurga shi cikin jirgi. A kan buhunan busasshen kifi ya faɗa. Wata tsohuwa da ke zaune a wurin ta gaya mini daga baya, wai jini ya jiƙe masa riga sharkaf, amma tafin ƙafarsa da yashin gaɓa a jiki, busasshe.

Mai inji ya ga abin ya riga ya faru, ya murɗa, jirgi ya tafi. Masunta suka tsaya cikin ruwa suna zagi. Bunjo ya juyo, hannayensa yanzu nasa ne, kuma ko da ido ɗaya ba wanda ya yarda ya matso. Suka dare ya wuce ta tsakiyarsu, ya fito gaɓa, ya zo gindin mangwaro ya zauna inda ya saba zama.

Na ɗauko ruwan zafi da gishiri. Na hau wanke masa fuska, ba da tausayi ba, da haushi. Idon ya tafi, ko makaho ya taɓa ya san ya tafi. Ƙashin kafaɗa ya karye, numfashi ma da ƙyar yake ja.

Na ce, "Ka ji daɗi. Ka ba da ido saboda kare."

Na ci gaba da goge masa jini ina faɗa.

"Kai ka ce mini sauran ukun naka ne. A gida ka faɗa. Ga su a ƙirjinka, ka kai su jirgi kamar amarya. Miiro yana kwance a bayan coci, kai kana goyon wanda ya kwantar da shi."

Ya tofar da jini, ya ce, "Yaya, Miiro yana da hannu biyu ranar nan, ko ba shi da su?"

"Yana da su."

"Bai ɗaga ba."

"Na sani, a gabana aka yi."

"To da na saki wannan, kin ga Miiro mutuwar wawa ya yi ke nan. Sai a ce dama ana iya saki, shi ne bai da wayo." Ya ja numfashi. "Da a kan yashi na gan shi, da na kashe shi. Ban duba ba ne, na ɗauka."

Har yau ban yarda da shi ba. Ni kam, da Walakira ya nutse a wurin, da na yi barci mai daɗi. An ce 'yan sanda sun karɓe shi a Kasenyi, an ce daga baya an gan shi yana tura baro a kasuwa. Ya saci injin ko bai sata ba, ni a wurina ya sata. Bai taɓa aiko da ko gaisuwa ba.

Washegari dole a kai Bunjo asibiti, fuskar ta kumbura har ta rufe ɗaya idon rabi. Na ɗaure masa kai da tsohon zanena, na riƙo shi muka sauko. Jirgin na can inda ya saba tsayawa. 'Yan wuya suna tsaye a gaɓa, samarin jiya, wasu da ƙujewar jifa a hannu. Masuntan sansani sun aiko cewa duk wanda ya ɗauki Bunjo ko wani nasa, su da shi. Na dubi wannan, ya dubi ƙasa. Na dubi wancan, ya tafi gyara igiyar da ba ta kwance ba. Akwai wanda na ba rogo bashi ranar da ya sauka tsibirin nan ba ko riga, shi ma ya juya mini ƙeya.

Na ce, "Ku ji kunya, 'ya'yan banza. Wane ne a cikinku uwarsa ba ta hau wuyan nan ba in ta zo ganinsa?"

Bunjo ya ce, "Bar su, Yaya." Ya saki hannuna, ya sunkuya a gabana, yana neman ya sa kafaɗar da ba ta karye ba a ƙarƙashina. "Zauna, jirgi zai tashi."

Na dubi ƙeyarsa da ɗaurin da na yi mata, na dubi wuyan nan da ya ɗauki tsibiri guda. Sai na ji zuciyata ta karye, abin da ba ta yi ba jiya duk jinin da na wanke.

Na ce, "Tashi, kada ka ƙara ɓata mini rai."

Na tuɓe takalmi na riƙe a hannu, na ɗage zane zuwa gwiwa, na sa kafaɗata a hammatarsa. Muka shiga. Shi yake gaya mini inda zan taka, nan akwai rami, nan dutse mai santsi, bi ta dama. Ruwa ya kai mini cinya, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, na saki zanen don ba shi da sauran amfani. A bakin tafkin nan aka haife ni, a nan na yi furfura, amma ban taɓa sanin haka sanyinsa yake da safe ba.

Na ce, "Bunjo, kullum haka yake?"

Ya ce, "Kullum. Riƙe ni da kyau, Yaya, saura kaɗan."